Kaciyar Jikan Inna Kulu

A Soron Ɗinki, duk namijin da ya haura talatin, in ya hango Inna Kulu tafe a lungu, sai ka ga ya gyara hula ya rusuna tun daga nesa. Ba don tana da faɗa ba, ko da yake tana da shi daidai gwargwado. Ta san kowa ne tun ranar da ba shi da wando. Akwai wani attajiri da ya taɓa wuce ta a mota bai tsaya ba, sai ta aika masa cewa ta gode, amma har gobe tana tuna yadda ya riƙa kiran uwarsa da kakarsa ranar da aka zaunar da shi gaban aska. Washegari sai ga shi da kansa ya zo gaisuwa, yana ta sosa ƙeya.

Kulu matar Malam Nata'ala wanzami ce. A da, in sanyi ya shigo, akan tara yaran unguwa 'yan shekara shida ko bakwai a yi musu kaciya rana guda. Aikin Malam bai wuce ƙiftawar ido ba. Jinyar ce aiki, ita kuwa a hannun Kulu take. Ita ke dafa ruwan bagaruwa na wanki, ita ke raba kajin da iyaye suka aiko, ita ke hana masu ƙiriniya guje-guje, ita ke rarrashin masu kukan gida. Yaro ya yi mata gardama ta ce za ta kira Malam ya ƙara yanka, nan take sai ya zama waliyyi. Shi ya sa ake ce mata Uwar 'Yan Shayi.

Abu guda ne iyaye ke mita a kai. Kulu ta cika duba. Yaro ya warke sarai, yana neman hanyar tserewa zuwa ƙwallo, ita kuwa sai ta ce a'a, zo nan in gani. Ta duba da safe, ta duba da rana, ta sake dubawa kafin magariba. Mutane sun ɗauka tsabar son iyawa ne, tsofaffin unguwa kaɗai suka san dalili.

Ɗanta na fari a wajen kaciya ya rasu. Ba Malam Nata'ala ne ya yi masa ba, abokin sana'arsa ya ba, kamar yadda wanzamai da yawa ke yi da nasu. An yi wa yara da dama a ranar, kowa nasa ya tsaya, na ɗan Kulu ya ƙi. Aka sa garin magani, aka ɗaure, aka yi tofi, jini na ta bin ƙafa. Kafin a yanke shawarar asibiti yaro ya yi fari fat, a hanya ya cika. Wanzamai suka ce hannu aka sa, wani ne ya gwada Nata'ala ta kan ɗansa, kuma a kan haka maganar ta zauna. Kulu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ɗan fari ne, kuma ita 'yar gidan kunya ce. Yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Da ya rasu sai ta daina cewa ko da hakan. Akwai wani mai sayar da kalanzir a bakin lungu mai suna irin na yaron, shekara da shekaru "Mai-galan" take kiransa, har sunan ya bi shi.

Bayan yaron nan Allah bai sake ba ta namiji ba. Mata uku ta haifa, manyan biyun su ma da suka tashi haihuwa sai mata, kamar an yi musu wasiyya. Malam Nata'ala kan zauna a soro yana kallon zabirarsa, jakar da askarsa da ƙahonsa ke ciki, ya ce, "Wannan jaka dai sai dai a zuba mata kayan kitso." Kulu ta ce, "Da ta fi ƙamshi."

Ana nan zamani ya juya. Mutane suka daina jira yaro ya yi wayo, tun yana jariri ake kai shi asibiti, a yi, ya yi ɗan kukansa, a ba shi nono ya manta. Yau a unguwar da wuya ka ga jariri namiji da ya yi kwana arba'in ba a yi masa ba. Babu taron yara, babu kaji, babu alewa. Malam Nata'ala ya yi ta ƙorafi cewa an cuci yaran zamani, an yanke su a bashi ba su ci ko ƙafar kaza ba. Amma da idonsa ya fara rauni, shi da kansa ke ce wa masu zuwa, "Ku kai shi wajen masu farin kaya, ni yanzu aski da ƙaho kawai nake yi." Kulu kuwa ta koma yi wa masu jego wanka, har yau in aka haihu a lungun, ita ake fara bugawa ƙofa.

To, a bana ne autarta Sa'ida, wadda ke aure a Ƙofar Ɗan Agundi, ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, aka ce namiji. Kulu ta ce a sake dubawa. Aka sake dubawa, namiji ne dai. Malam Nata'ala ya manta da ciwon gwiwarsa, ya zaga unguwa yana sanar da mutanen da tuni sun ji. Aka raɗa wa yaro Mikail. Kulu ta ɗauke shi ta ce ga mijinta ya iso, tsohon nan na soro ya nemi inda zai nufa. Abin da ya dame ta kawai shi ne rashin ta-ido irin na Sa'ida, wadda ke rungume ɗan fari a gaban mutane tana "Mikail ɗina, Mikail ɗina."

"Ke ba ki da kunya ne? Ɗan fari fa!" in ji Kulu.

"Inna, ni na sha wuyarsa. In ban kira shi ba wa zai kira min?"

Kulu ta ce duniya ta ƙare, ta ci gaba da jujjuya kunun kanwa.

Bayan suna da 'yan kwanaki suka ɗauki yaro zuwa asibitin sha-ka-tafi na kusa don a sa musu ranar kaciya. Nas ɗin da ke karɓar jarirai, Sista Aminat, mace ce mai fara'a da saurin baki. Ta auna shi, ta duba shi, sannan ta shiga jero wa Sa'ida tambayoyi irin waɗanda ta saba, ko ɗagowa ba ta yi.

"Yana kama nono sosai? Idonsa bai yi ɗorawa ba? A danginki, musamman maza ta wajen mahaifiyarki, akwai wanda in ya ji rauni jini ke ƙin tsaya masa?"

"Babu," in ji Sa'ida.

"To madalla. Ku kawo shi jibi da safe."

Kulu na tsaye a bayansu riƙe da jakar kayan jariri. Ta ji tambayar, ta ji amsar. Sa'ida ba ƙarya ta yi ba. Ta san dai tana da wani yaya da ya rasu kafin a haife ta, ta ɗauka zazzaɓi ne irin na yara, ba wanda ya taɓa ce mata komai. Kulu ta buɗe baki, sai ga mata cike da benci duk suna kallo, ta mayar ta rufe. A cikin adaidaita Sa'ida na ta hira, uwar ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Maganar "ta wajen mahaifiyarki" ita ta tsaya mata a wuya. Tana tankaɗe ta tuna yadda yaron nan nata da ya rasu, ko ƙaya ce ta soke shi, sai an wuni ana ɗaure wurin. Ta tuna gwiwarsa da kan kumbura ba gaira ba dalili. Sai kuma ta tuna ƙanenta Sani, wanda ya faɗi kan dutsen niƙa suna yara, bakinsa ya fashe, aka ce iska ce ta taɓa shi, bai tashi ba. Wa ya gwada Sani? Ubansu ɗinki yake yi, ba shi da abokin hamayya ko ɗaya sai mai bin sa kuɗin zare. Tsoro ya kama Kulu, tsoro na gaske, irin wanda rabonta da shi tun tana matashiya.

Faɗa kuma ba abu ne mai sauƙi ba. In ta yi magana, dole ta zauna gaban 'yarta ta ba da labarin ɗan fari, abin da uwarta da kakarta ba su taɓa yi ba. Ga kuma surukai. Uwar mijin Sa'ida, Hajiya Fanna, 'yar manyan malaman Barno ce da suka daɗe a birni, mace mai turare da tsare gida. Yaya za ta ji in aka ce jinin gidan su Kulu da matsala? Gobe a ce an kawo musu cuta, a bar Sa'ida da abin faɗa. Kulu ta auna wannan ta auna wancan, tuwon ranar ya yi gudaji.

Washegari bayan la'asar ta leƙa soro, ta tarar Malam Nata'ala shi kaɗai yana wasa aska. Ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta cika yi ba.

"Malam, gobe ne fa."

"Na sani. Ai na ce ki yanka kaza, ko shi bai ci ba mu ma ci."

"Malam, yaron nan. Na da."

Hannunsa ya tsaya cak. Tun rasuwar ba su taɓa yin zancen ba, ko su biyu.

"Me ya kawo wannan kuma? Wancan ai hannu aka sa."

"Sani ma hannu aka sa masa?"

Ta gaya masa tambayar da nas ta yi. Ta ce ita ba ta san boko ba, amma ba a banza aka ce maza ta wajen uwa ba. Malam ya daɗe yana kallon askar. Mutumin da ya yi wa ɗaruruwan yara kaciya bai taɓa runtse ido ba, sai ga gumi a goshinsa. Dama an ce wanzami ba ya son jarfa.

"Na yi gaba da bawan Allah nan har ya mutu," in ji shi a hankali. "Wanda na zarga. Ko gaisuwar iyalinsa ban je ba." Ya mayar da aska cikin zabira. "Kulu, ki faɗa musu. Ni bakina ba zai iya ba."

"Nawa ne zai iya?"

"Naki ai ba abin da bai iya ba."

Ta harare shi, amma ta tashi da ɗan ƙarfinta.

Da safe Hajiya Fanna ta iso cikin lafaya, ƙamshinta ya riga ta shiga gida, ta ce ita ma da ita za a je, ba za a taɓa mata miji ba ta nan ba. Kulu ta so ta ja Sa'ida gefe tun a gida, amma ina, Hajiya ta karɓi jariri ta zauna a tsakiya. Ta ce a ranta a hanya za ta faɗa. A hanya mai adaidaita ya ƙure rediyo. Ta ce to a layi. A layi kuwa ta haɗu da mata uku da ta yi wa wankan jego, kowace na son gaisuwa. Jarirai na ta shiga ana fito da su, iyaye na dariya, wani uba na ta ɗaukar hoto. Can sai ta ji an ce, "Mikail Hamza!"

Sista Aminat ta miƙo hannu. Hajiya Fanna ta ɗaga yaro za ta ba ta. Kulu ba ta san lokacin da ta shiga tsakaninsu ba.

"Sista, dakata. Amsar da aka ba ki shekaranjiya ba daidai ba ce. Akwai."

"Akwai me, Inna?"

"Wanda jini ya ƙi tsaya masa. Biyu ma. Ƙanena, da kuma ɗan da na haifa. A wajen kaciya ya tafi."

Matan benci suka zuba musu ido. Sa'ida ta juyo da ido waje.

"Inna, wane ɗa? Yayan da aka ce..."

"Shi." Kulu ta ga cewa tunda ta fara gara ta ƙarasa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Abdulmalik. Sunansa Abdulmalik. Shi ne na fari."

Sunan ya fito mata da nauyi kamar ba a bakinta aka yi shi ba. Sai hawayen da ta hana zuba tun tana da jajayen sawu suka zubo a gaban suruka, a gaban nas, a gaban matan da ta yi wa wanka. Ta ji kunya, ta kuma ji wani sauƙi da ba ta san tana nema ba.

Sista Aminat ta daina sauri. Ta shigar da su ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi wa Kulu tambayoyi dalla-dalla, ta ce yau ba za a taɓa yaro ba sai an gwada jininsa. Ta ce akwai irin wannan lalura, mata ke ɗauke da ita ba ta damunsu, sai a kan 'ya'yansu maza take bayyana, kuma ba kowane ɗa ba. Ta rubuta musu takarda zuwa babban asibiti.

Da suka fito Kulu ta kasa haɗa ido da Hajiya Fanna. Tana jiran ta ji abin da za ta ji. Hajiya ta gyara lafayarta, ta miƙa wa Sa'ida jariri, sannan ta kama hannun Kulu da hannu biyu.

"Yaya Kulu, da kin yi shiru fa? Da yanzu ni da hannuna na miƙa shi." Ta share ido da gefen lafaya. "Ke dai Allah Ya biya ki. Amma wallahi kin iya ɓoyo, mu da ake cewa mun iya sai mun zo karatu wajenki."

Gwaji ya fito, aka ce lallai jinin Mikail na jinkirin daskarewa. Sa'ida ta yi kuka, mijinta Hamza ya rikice, likita ya zaunar da su ya yi musu bayani. Ya ce yaro zai yi rayuwarsa, zai yi makaranta, zai yi aure in Allah Ya so, sai dai a kiyaye shi da faɗuwa da rauni, kuma ko haƙori za a cire masa sai an gaya wa likita tukuna. Kaciya kuwa za a yi, amma sai ya yi ƙwari, a nan babban asibiti, da allurar da ke taimaka wa jini ya tsaya. Sauran 'ya'yan Kulu da jikokinta mata aka ce su ma su san da zancen saboda gaba. Kulu ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu da bakinta, yanzu da ya buɗe ba ya rufuwa. Har ta ba Sa'ida labarin yadda Abdulmalik ke satar mata ƙuli-ƙuli ya ɓoye a hula, su biyun suna dariya suna share hawaye.

Unguwa kuwa ta samu abin faɗa. Jikan wanzami, namiji tilo, ya yi arba'in ba kaciya, ya fara zama ba kaciya. Abokan Malam Nata'ala suka sa shi gaba a majalisa, wai gidan mai aska ne aska ta yi ƙaura. Shi kuwa ya ce su yi ta yi, jikansa ba gama-gari ba ne, sai manyan likitoci sun yi taro a kansa. Abin mamaki, sai ga mata na zuwa wajen Kulu a ɓoye, wata ta ce ita ma wanta kaza ya faru da shi, ko ta faɗa a asibiti? Kulu ta ce, "Faɗi. Ni da na faɗa, ga ni ban mutu ba."

Ranar da aka sa, Mikail ya riga ya fara rarrafe, ya yi ɓul-ɓul. Malam Nata'ala ya ce shi ba zai je ba, warin asibiti na sa shi tari. Aka kwantar da yaro, aka yi masa allura, aka shiga da shi. Kulu ta zauna a baranda tana jan carbi, ba ta san me take karantawa ba. Ba a daɗe ba aka fito da shi yana tsala kuka, muryarsa garau, Hajiya Fanna ta ce wannan kukan na gidansu Kulu ne.

Aka ce a bar shi ya huta, kada a taɓa wurin. Kulu ta ce to. Nas na juya baya ta ɗaga zanen ta leƙa. Bandeji fari, sai ɗan ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Ta rufe. Jim kaɗan ta sake ɗagawa, ɗigon na nan yadda yake. Ta sake, ta sake, har nas ɗin ta ce, "Hajiya, in kika ƙara sai na fitar da ke." Kulu ta ce ba sai an fitar da ita ba, dama iska za ta sha.

Ta sauko ƙasa tana dafa bango, ta nufi bakin ƙofa za ta nemi wanda zai buga mata waya gida. Sai ta hango wani tsoho zaune a gindin bishiya, ya haɗa kai da gwiwa, zabira rataye a kafaɗarsa. Ashe tun safe yana nan. Ya cika jakar da garin tsayar da jini, wai ko da za a buƙata.

Ya ɗago ya gan ta, ya yunƙura zai tashi ya kasa.

"Malam," in ji Kulu, "ya tsaya."

"Kin duba?"

"Na duba."

"Da idonki?"

"Da idona, Malam. Har korata aka yi."

Malam Nata'ala ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza. Kulu ta waiga hagu da dama, mutane na ta wucewa, wasu na kallo. Ta gyara zaninta ta zauna kusa da shi a ƙasa, ta bar shi ya yi mai isarsa.